Jan Ɗigo a Kan Barakatu Mai Banda

Duk wanda ya saba sayen bandar kifi a bakin dam ɗin Tiga ya san Barakatu, ko da bai taɓa tambayar sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai jan ido, ba don faɗa ba, sai don hayaƙin da ta sha shekara da shekaru tana tsugune gaban murhu. Tarwaɗarta ba ta dagargajewa a miya, ita kuma ba ta jan mutum da surutu. Ka gaishe ta ta amsa, ta naɗe maka kifinka a takarda, shi ke nan. Mai son hira sai ya matsa gaba.

A goye aka fito da ita daga garin da aka haife ta, shekarar da aka tare ruwa aka ce kowa ya kwashi nasa ya hau tudu. Ba ta san garin ba sai a bakin manya. Idan rani ya tsananta ruwa ya ja baya, tsofaffi kan miƙa yatsa can tsakiya su ce a daidai nan kukar ƙofar gidansu take. Iyayenta manoman dawa ne. Ruwa ya cinye gonakin ya bar su da taru a hannu, suka koyi kamun kifi da girmansu, suna yi masuntan asali suna yi musu dariya. Ita dai a tsakanin ƙarnin kifi da hayaƙi ta buɗe ido. Ta auri Ɗanasabe, wani masunci mai sanyin hali a unguwarsu, suka zauna lafiya har Allah ya karɓi abinsa.

Ɗan farinta namiji ne, aka raɗa masa suna Mujitaba. To a zuriyar da ta hauro daga wancan gari, ɗan fari ba na uwarsa ba ne a gaban mutane. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaukarsa muddin da ido a wurin. Ko nono za ta ba shi sai ta shige ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Ana yaye shi uwar mijinta, Inna, ta ɗauke shi ya koma ɗakinta. Ya tashi yana ce wa uwarsa Yaya. Ita kuma idan dole ta kama ta ambace shi sai ta ce "ɗan ɗakin Inna", da ya girma ya mallaki kwalekwale kuwa ya koma "mai jirgin nan". Sa'o'inta da yawa sun sassauta wannan kunya da zamani ya zo, har akwai mai goya ɗan farinta ta shiga kasuwa. Barakatu ba ta sassauta ba. Mutanen da aka raba da garinsu sukan ƙanƙame ɗan abin da suka samu fitowa da shi, ita kuwa wannan ce gadonta, kuma ana nuna ta da ita.

Kada wani ya ɗauka ba ta son yaron. Idan ta kwashe tuwo, malmalar da ta fi laushi a kwanon ɗakin Inna take sauka. Idan hadari ya haɗu yana kan ruwa, sai ta ɗauki tsintsiya ta fita ƙofar gida ta yi ta sharar wurin da ba datti, har sai ta hango shi ya doso da filafili a kafaɗa, sannan ta shige ciki kamar ba ta gan shi ba. Shekarar da zai yi aure ta zauna ta ɗinka hula, shuɗi da ruwan toka, wata da watanni tana fama da allura da idon nan nata da hayaƙi ya ci. Da ta gama ta ba ƙanwarsa Hamdiyya, ta ce ta kai masa ta ce ita ta ɗinka. Hamdiyya kuwa a lokacin ko maɓalli ba ta iya ɗinkewa ba. Mujitaba ya jujjuya hular a hannu ya yi murmushi, ya ɗaga murya yadda za a ji shi har bakin murhu.

"Ki ce wa mai ɗinkin na gode. Hannunta da kyau."

Barakatu ta ci gaba da hura wuta, sai dai ranar kifin ya kusa ƙonewa.

Damina biyu da suka wuce, iska ta taso da la'asar yana kan ruwa ta kife jirgin. Washegari abokan sana'arsa suka samo shi a cikin ciyawar gefe. Hular ba ta tare da shi, don ba ya shiga ruwa da ita, tana nan rataye a ƙusa a ɗakinsa.

A zaman makoki matarsa Badiyya ta yi kuka har muryarta ta dushe, aka rungume ta ana ba ta baki. Hamdiyya ta suma aka yayyafa mata ruwa. Barakatu tana kan tabarma tana amsa gaisuwa, a ce ya haƙuri ta ce da godiya, a ce Allah ya jiƙansa ta ce amin, idonta a bushe ƙamas. Limamin unguwa ya faɗa a ƙofar gida cewa hawaye ba laifi ba ne, amma matan cikin gida ba su ga maganar ta shafe ta ba. Suna fita suna yabonta. Kun ga mace mai kara, ko ɗigo ɗaya. Haka iyayenmu suke. Da wannan yabo suka ɗaure ta tamau, suka karkaɗe zannuwansu kowacce ta koma gidanta ta yi barci.

Badiyya ta gama takaba ta koma gidansu a Doguwa. Ranar da ake kwashe kayan ɗakin, Barakatu ta zare hular daga ƙusa ba wanda ya gani. Daga nan barci ya ƙaurace mata. Abinci ya koma kamar ƙasa a bakinta. Ta daina zuwa bakin ruwa tarar masunta, murhun banda ya yi sanyi har kaza ta samu wurin yin ƙwai a ciki. Yau ciwon ƙirji, gobe ciwon kai, jibi jiri. An sha jiƙo, an sha rubutu, an sha farin ruwan nan na olsa kwalba bayan kwalba. Ita dai sai ramewa take, tana zaune a inuwar katanga da tagumi, ka yi sallama sau biyu kafin ta ji.

Hamdiyya tana aure a Kwanar Dangora, tana sayar da abinci a tasha. Ita ce ta zo wata rana ta ga wuyan uwarta, ta ajiye ludayi ta ɗauke ta zuwa wani asibiti a ƙasar Kiru. Likita ya auna nan ya auna can bai ga komai ba. Da ya ji labarin rashin daga bakin Hamdiyya sai ya ce ciwon damuwa ne, ya tura su ɗakin ƙarshe a baranda, wanda mutanen wurin ke kira ɗakin magana.

Wata ƙungiya ce ta buɗe ɗakin. Babu allura, babu ƙwaya, zama ne da hira duk mako har a yi wata uku. Kujeru biyu, labule, da ƙofa mai rufuwa. Mai kula da ɗakin Fiddausi ce, matashiya 'yar Tudun Wada da ta yi karatunta a Kano, mai sanyin murya. A kan tebur akwai wata faffaɗar na'ura mai girman allon karatu, Barakatu ba ta ko kula da ita ba. Fiddausi ta sallami Hamdiyya waje ta rufe ƙofa.

"Mama, an ce an yi muku rashi."

"An yi."

"Wane ne ya rasu?"

Barakatu ta dubi labule. "Mai jirgin nan."

"Ɗanki ne?"

"Na ɗakin Inna ne."

Fiddausi ta gane nan take, saboda irin haka kakarta ta riƙa yi da babanta har ta bar duniya. Ta ce, "Na fari ne ke nan." Barakatu ta ci gaba da kallon labule.

"Mama, a ɗakin nan daga ni sai ke. Abin da kika faɗa a nan, a nan zai tsaya. Ko sunansa kika so ki kira, babu mai ji. Ba sai yau ba. Duk ranar da kika shirya, ina nan."

Barakatu ba ta taɓa sanin akwai ɗaki irin wannan a duniya ba. A gidansu ƙofa asabari ce, katanga kuma ta kara, ka yi tari maƙwabta su yi maka sannu. Ta koma gida tana jujjuya maganar a ranta. Shekara talatin da ɗoriya tana riƙe da suna ɗaya a maƙogwaro, ga shi wata sa'ar 'yar cikinta ta ce akwai inda za ta sauke shi ba a yi da ita ba. Tun daga ranar ta san abin da take zuwa yi asibitin nan, ko da ba ta gaya wa kowa ba.

Talata aka ba ta. Ta yi wanka da sassafe, ta sa hijabinta na zuwa unguwa, ta hau acaɓa zuwa titi, ta shiga mota zuwa Kwanar Dangora, ta sake wata. Bayan zuwan farko ta hana Hamdiyya raka ta, ta ce ta zauna ta kula da tukunyarta. Macen da ta shekara ba ta taka bakin ruwa ba, ga ta tana ratsa ƙananan hukumomi ita kaɗai, ko ana zafi ko ana ƙura.

A zama na biyu Fiddausi ta ba ta aiki. Ta ce idan akwai wani abu nasa a wurinta, ta zo da shi su duba tare. Talata na zagayowa Barakatu ta ninke hular ta ɗaure a ƙugun zaninta, hijabi ya rufe. Ta zauna a kujera hannunta na kan wurin.

"Mama, kin samu abin da za ki zo da shi?"

"Sai wani makon."

Wani makon ma haka ta ce, kuma hular tana jikinta. Amma ba shiru take yi ba. Ta ba Fiddausi labarin garin da ke ƙarƙashin ruwa, da yadda ake gane iskar da za ta yi ɓarna, da halin Inna, da irin itacen da ke ba banda launi. Wata Talatar ta ce akwai wani yaro da ba ya cin kan kifi tun yana ƙarami, ta yi ɗan murmushi, ta koma maganar itace. Haka take matsowa kaɗan-kaɗan, kamar mai gwada zurfin ruwa da ƙafa. A gida barci ya fara ɗan ɗaukarta. Ta kori kazar nan daga murhu ta share toka. Idan ta sunkuya tana hura wuta takan motsa leɓɓanta da sunan, ba sauti, don ta ga ko bakin zai iya.

Yanzu sai mu koma kan na'urar da ke bisa tebur, don ita ce ta yi aika-aikar, ko kuma a ce da ita aka fake. Duk wanda ya fita daga ɗakin, sai Fiddausi ta zauna ta amsa mata tambayoyi. Gidansa da nisa? Shekarunsa nawa? Ya yi boko? Yana da wayar kansa? Ya yi maganar abin da ya kawo shi? Ya nuna abin da ke ransa? Ya yi aikin da aka ba shi? Wai an ɗura mata labarin dubban marasa lafiya na wasu wurare, ta koyi gane wanda zai gudu kafin a kai ƙarshe. Wanda zai jure ta sa masa koren ɗigo, na tsakiya ruwan ɗorawa, mai shirin gudu kuma ja. Fiddausi ba ta iya ƙarya ba, gaskiya take latsawa. Da nisa, e. Boko, babu. Waya, babu. Ta yi maganar mamacin? A'a. Ta yi kuka? A'a. Ta kawo abin da aka ce? A'a. Babu inda aka tambayi ko ɗan fari ne, babu kuma inda mutum zai ƙara nasa bayanin. Ba a je ko'ina ba jan ɗigo ya hau kan sunan Barakatu ya zauna daram.

A yi wa masu ƙera abin adalci, an ce niyyarsu idan an ga ja sai a ƙara jawo mutum jiki, a bi shi, a ji matsalarsa. Amma ɗaki ɗaya ne, Fiddausi ɗaya ce, masu jira kuma sun yi yawa. Waɗanda ke ɗaukar nauyin aikin daga nesa abu ɗaya suke tambaya, mutum nawa suka kammala. Sai jami'in ƙungiyar, Malam Muhuyi, wanda ke zuwa daga Kano da farar mota yana leƙa su jefi-jefi, ya ga ai ga hanya mai sauƙi. Tunda an san masu gudu, me ya sa za a jira su gudu? A sallame su tun da wuri a haɗa su da ƙwaya, a ba masu kore gurbinsu. Ka ji dabara. Abin da aka yi don a tallafi mai rauni, shi aka mayar matankaɗin fitar da shi, kuma duk da sunan tausayi.

Barakatu ba ta san ana yi ba. A makon nan ne hadarin farko na damina ya haɗu da yamma, gabas ta yi baƙi, iska ta fara kaɗa rufin kwano. Ba ta ankara ba sai ganin kanta ta yi a ƙofar gida da tsintsiya a hannu, tana sharar wurin da ba datti, idonta na kan hanyar bakin ruwa. Masunta suka wuce ɗaya bayan ɗaya suna gaishe ta. Da hanya ta yi fayau ta gane wa take jira, sai ta zauna a dakali ruwa ya sauka a kanta. A nan ta yanke shawara. Talatar nan za ta kwance hular ta ajiye a teburin yarinyar nan, ta faɗi mai ita da bakinta, in ya so duk abin da zai biyo baya ya biyo.

Ta isa asibitin da hantsi. Ranar rigakafin yara ce, baranda cike da mata da goyo, ga kuka ga hayaniya. A kan bencin da ta saba zama har da wata matar unguwarsu da ta kawo jikanta, ɗaya daga cikin masu yabon nan na ranar makoki. Suka gaisa. Ƙofar ɗakin magana ba a gama rufe ta ba, kuma daga ƙasan labule ana hango takalmin namiji a gaban kujerar da ta saba zama. Barakatu ta ɗauka ita ce ta yi sammako, ta gyara zama tana jira.

Can sai Fiddausi ta fito, ta ja ƙofar ta rufe. Da ta ga Barakatu sai fuskarta ta canza. Ta zo ta tsuguna a gabanta.

"Mama, ina kwana. Na yi ta neman lambar Hamdiyya ba ta shiga."

"Lafiya dai, Malama?"

Kafin ta amsa Malam Muhuyi ya fito daga ofishin gefe, da na'urar a hammata. Mutum ne mai fara'a da ladabi, ya rusuna ya gaishe ta yadda ya kamata.

"Hajiya, sannu da hanya. Mun duba mun ga zirga-zirgar nan tana ba ki wahala. Ga nisa, ga jiki ba ƙwari. Za a haɗa ki da likita ya rubuta miki magani mai kyau, ki riƙa sha a gida kina hutawa."

"Na ce muku tana ba ni wahala?"

"Ba ki ce ba, Hajiya. Na'ura ce ta nuna masu irin yanayinki ba sa kaiwa ƙarshe."

Barakatu ta juya ga Fiddausi. "Malama, wace Talata ce ban zo ba?"

"Babu, Mama."

"Ai ba maganar baya ake ba," in ji Muhuyi cikin lallashi, "maganar gaba ce. Yawanci a daidai nan suke dainawa."

Fiddausi ta miƙe ta matsa kusa da shi ta rage murya, amma Barakatu tana ji. "Yallaɓai, na gaya maka ɗan farinta ne. Irin su Mama ba sa buɗe baki da wuri. Ta kusa, wallahi ta kusa. A bar min ita ko na wata ɗaya."

"Malama Fiddausi, kowa da dalilinsa. Wanda ke ciki yanzu shi ma ya daɗe yana jira, kuma malamin makaranta ne, nan kusa yake, zai kammala. In muka bi son zuciya aikin gaba ɗaya za a rufe mana." Ya sake rusunawa. "Allah ya ƙara sauƙi, Hajiya."

Ya wuce abinsa zuwa mota, hankalinsa kwance, yana ganin ya raba wata tsohuwa da wahalar hanya. Wannan ne abin da ya fi ci wa mutum rai. Da mugu ne da an san yadda za a yi da shi.

Barakatu ta daɗe a zaune tana kallon ƙofar. Ranta ya ɓaci ɓacin da ba ta taɓa ji ba, ko ranar da aka shigo da gawa ba ta ji irinsa ba, don wancan Allah ne ya yi, wannan kuwa mutane ne. An raba iyayenta da garinsu ba a tambaye su ba, aka ce don amfanin jama'a ne. Yau ga shi an raba ta da kujera ɗaya tak, an kuma ce don amfaninta. Ta tashi ta gyara hijabi ta nufi ƙofar fita. Fiddausi ta biyo ta da sauri har ƙarshen baranda.

"Mama, ki yafe min. Abin da na gani na latsa, ban san haka za a yi da shi ba."

Barakatu ta tsaya. Ta sa hannu ƙarƙashin hijabi ta daɗe tana fama da ƙulli, sannan ta fito da hular ta ɗora a tafin Fiddausi. Ta yi laushi saboda ninki, ta jiƙe da gumin hanya, shuɗin ya fara koɗewa.

"Ga aikin da kika ba ni. Tun makon da kika faɗa nake zuwa da ita."

Fiddausi ta riƙe hular da hannu biyu, idonta ya ciko. Ta san ba a nan ake wannan tambaya ba, amma ta ga ba ta da wata Talatar.

"Mama, ta wane ne?"

Barakatu ta buɗe baki. Leɓɓanta suka haɗu yadda ta saba gwadawa a gaban murhu. Sai wani jariri ya tsala ihu, ta waiwaya. Baranda cike da ido, matar unguwarsu ta miƙo wuya daga kan benci tana son ganin abin da ake nunawa. Babu labule, babu ƙofa. Barakatu ta haɗiye abin da ya taso mata.

"Ta mai jirgin nan ce."

Ta karɓi hular ta ninke ta mayar ƙugunta. Ba ta bi ta wurin likita ba. A Kwanar Dangora ma ba ta leƙa rumfar Hamdiyya ba, ta sauka daga wannan mota ta shiga waccan.

Ƙarshen wata aka tattara sakamako aka aika Kano. Sunan Barakatu ya faɗa cikin waɗanda ba su kammala ba, tunda dai ba ta kammala ɗin ba. Aka duba aka ga duk wanda na'ura ta sa wa ja bai kai ƙarshe ba, aka yaba mata, aka ce lallai ta san aikinta, har ana maganar kai irinta Doguwa da Tudun Wada. Ba wanda ya tsaya ya tambayi wa ya rufe ƙofar. Sun kori mace da hannunsu, sun juyo suna mamakin yadda na'ura ta san za ta tafi.

Murhun banda ya sake yin sanyi. Masu saye sun koma wurin wasu, wani lokaci wani ya tambaya ina doguwar matar nan, a ce ba ta jin daɗi. Hamdiyya ta je asibitin ta yi faɗa har aka fito kallo, aka ba ta haƙuri aka ce a sake sa sunan a layi, sai an kira. Matan unguwa kuwa har yanzu da Barakatu suke misali idan wata yarinya ta cika kuka a gidan makoki.

Ita dai duk Talata takan yi wanka da sassafe, ta sa hijabin zuwa unguwa, ta ɗaure hular a ƙugu, ta fito ta zauna a dakalin ƙofar gida. 'Yan acaɓa sun gane ta, sukan rage gudu su ce, "Iya, za a je titi?" Sai ta ce ba a kira ba tukuna. Tana nan zaune har a kira azahar, sannan ta shiga ciki ta cire hijabin.